Sa'ad da Ƙasa Ta Yi Duhu a Madagaskar

A gabas da gaɓar Afirka, bayan an haye mashigin tekun da ya raba shi da Mozambik, akwai wani babban tsibiri da ake kira Madagaskar, wanda faɗin ƙasarsa ya ɗara na Faransa, a tsakiyarsa kuwa akwai tuddai masu sanyi inda kabilar Merina suka kafa daularsu, suka gina birninsu Antananarivo a kan wani dogon dutse mai kallon fadamun shinkafa. A wannan birni ne, tsakanin shekarar 1835 da 1861, wata ƙaramar jama'a ta Kirista, waɗanda tsofaffin cikinsu ba su fi shekara huɗu da karɓar baftisma ba, aka kore musu malamai, ba a bar musu kome ba sai Littafi, suka shiga wata fitina da ta ɗauki shekara ashirin da shida. Duk mai son ya fahimci abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da dogara ga kiyayewar Allah a lokacin tsanani, a ganina zai fi samun amsa a wurin waɗannan mutane bisa ga wurin masu sharhi, domin su ba su da malamin da zai tsince musu ayoyi masu daɗin ji ya ɓoye masu ɗaci. Dukansa suka karanta, dukansa kuma ya auku a kansu.

Asalin al'amarin siyasa ce. Sarki Radama na Ɗaya, wanda ya gaji mahaifinsa Andrianampoinimerina a 1810, ya ɗaura niyyar mallake tsibirin duka har bakin teku, da ya ga kuwa mashi da garkuwa ba za su isar masa ba, sai ya ƙulla alkawari a 1817 da gwamnan Ingilishi na tsibirin Morishas, Robert Farquhar, a kan zai hana fitar da bayi daga ƙasarsa, su kuma su riƙa ba shi kuɗi da bindigogi da albarushi da masu horar da soja. Ta wannan ƙofa ce 'yan mishan na ƙungiyar Landan suka shigo. Na fari su ne David Jones da Thomas Bevan, samari biyu daga ƙasar Wales, waɗanda suka sauka a Tamatave a 1818. Amma zazzaɓin bakin teku bai yi musu jinkiri ba, domin cikin 'yan watanni ya kashe Bevan da matarsa, da matar Jones, da 'ya'yansu ƙanana biyu, Jones kaɗai ya tsira da ƙyar ya koma Morishas jinya. Ya sake dawowa a 1820, ya hau tudu har Antananarivo, ya buɗe makaranta da yara uku, da shekara ta kewayo David Griffiths ya iske shi.

Kada a zaci mutanen tsibirin ba su san alƙalami ba sam kafin zuwansu. A kudu maso gabas akwai kabilar Antemoro, masu rubuta harshensu da haruffan Larabci tamkar ajaminmu, har sarakunan Merina kan ajiye malamansu a fada. Sai dai ilmi ne na 'yan kaɗan, an tsare shi domin duba da magani da tarihin gida, ba a shimfiɗa shi ga kowa ba. A 1823 Radama ya yanke shawara a rubuta harshen da haruffan boko, aka cika makarantu da 'ya'yan sarakuna da na attajirai, domin sarki yana bukatar magatakarda da hafsoshi masu karatu. Jones da Griffiths suka zaɓi haziƙan almajiransu suka zauna tarjama tare, har Sabon Alkawari ya fito daga maɗaba'a a 1830.

Radama bai ga wannan ba, ya riga ya rasu a watan Yuli na 1828 yana da sauran ƙuruciya. Uwargidansa Ranavalona, da goyon bayan waɗansu hafsoshi da masu tsaron gumakan sarauta, ta haye gadon, aka kashe magajin da ake tsammani da danginsa na kusa. Turawan zamaninta sun rubuta ta a matsayin mahaukaciya mai shan jini, adalci kuwa ya wajabta a faɗi abin da suka rage: shekara ɗaya da hawanta jiragen yaƙin Faransa suka buɗe wa Tamatave wuta, a 1845 kuma Ingila da Faransa suka haɗu suka sake yin haka, saboda haka tsoron da take yi cewa baƙi za su ci ƙasarta ba mafarki ba ne, tarihi ma ya gaskata ta bayan shekara talatin da 'yan kai da rasuwarta. Amma wannan uzuri bai wanke ta ba, domin aikin tilas da yaƙe-yaƙe da shari'ar shan guba sun hallaka talakawanta dubbai bisa dubbai, mafi yawansu ba su taɓa jin sunan Almasihu ba, kuma Kiristan da ta kashe 'yan kaɗan ne ƙwarai in an gwada su da waɗannan.

Da fari ta haƙura da 'yan mishan saboda sana'o'insu. Ana ba da labari cewa ta aika musu ta ce karatu ya isa haka, in ba su da wani abu mai amfani da za su koya wa mutanenta, kamar yin sabulu, to, su yi haramar tafiya. Sai wani magini a cikinsu, James Cameron, ya nemi mako guda, ya kawo mata sabulu na kayan ƙasar, da haka aka sami jinkirin shekarun da aka ƙare tarjama a cikinsu. Har ma a 1831 ta yarda a yi baftisma, ranar 29 ga Mayu mutum ashirin suka karɓa, a cikinsu har da wani mashahurin mai duban ƙasa, Rainitsiheva, wanda ya ɗauki sunan Bulus. Kafin shekarar ta ƙare an janye iznin.

Abin da ya tayar da hankalin fada a bayyane yake. Sarautar Merina ta dogara ne a kan albarkar kakanni da kan gumakan sarauta, irin su Rakelimalaza da Ramahavaly, waɗanda ake fita da su gaban runduna. Mubaya'a da rantsuwa da shari'a duk da su ake yi. Ga kuwa waɗansu mutane sun taso ba sa rantsuwa da su, ba sa kiyaye ranakun da suka haramta, suna hutun wata rana tasu dabam, suna taruwa bawa da ɗa a tabarma guda, suna kiran sunan Yehoba da na Yesu, waɗanda maƙiyansu suka gaya wa sarauniya cewa kakannin Turawa ne. Wanda kuwa ya bar kakannin sarauniya ya koma roƙon kakannin wani sarki, a idon fada ridda ce da cin amanar ƙasa a haɗe. Wani mai tsaron gunki, Rainitsiandavana, wanda ya tsinci ɗan abin da ya tsinta na koyarwar ya gauraya da nasa, ya ƙara wa wutar makamashi sa'ad da ya shaida cewa sarauniya da bayin da aka kawo daga Mozambik duk tsatso ɗaya suke. Aka kashe shi a 1834.

Ranar 1 ga Maris 1835 aka tara jama'a babban taro, aka buga igwa, aka karanta umarnin sarauniya: addinin baƙi haramun ne ga talakawanta, duk wanda ya yi baftisma ko ya je addu'a ya zo ya kai ƙarar kansa cikin wata guda, daga baya aka rage wa'adin ya koma mako, wanda ya ɓoye kuwa aka gano shi, hukuncinsa kisa, littattafai kuma a miƙa su duka. Mai tarihi ba shi da ikon ƙawata abin da ya biyo baya. Mafi yawa suka je suka kai ƙarar kansu, suka nemi afuwa, aka rage wa hafsoshi wajen 400 muƙami, aka ci tarar mutane wajen 2,000, waɗanda jiya suke cika ɗakin sujada yau suka rantse sun bari. Ikilisiyar da muke ba da labarinta ragowar da ta saura ce bayan wannan tankaɗe, tare da waɗansu da suka faɗi da fari, kunya ta dame su, suka komo.

'Yan mishan ba a taɓa lafiyarsu ba, amma an hana kowane ɗan ƙasa ya taimake su, alhali Tsohon Alkawari bai ƙare ba, da sauran littattafan annabawa na ƙarshe da wani sashe na Ayuba. Mai ɗab'i Edward Baker ya tsaya shi kaɗai yana jera haruffa, wani abokinsa yana jan injin, har a watan Yuni na 1835 aka haɗa cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Malagasi, kusan shekara ɗari kafin namu na Hausa ya cika a 1932. Aka raba shi a ɓoye, waɗansu suka tako tafiyar kwanaki domin su sami kwafi, aka binne wajen 70 a cikin ƙasa saboda gaba. Wani ɗan mishan dabam, David Johns, ya yi musu tarjamar littafin John Bunyan na tafiyar mai ibada, aka kwafe shi da hannu. A watan Yuli na 1836 Johns da Baker, su ne na ƙarshe, suka sauka zuwa bakin teku.

Daga nan jama'ar, waɗanda mutane suke kira masu addu'a, suka koma taron dare: a ɗakuna masu rufaffun ƙofofi, a kan duwatsu inda za a hango mai zuwa tun daga nesa, a cikin kogo, har a ramukan da ake ajiye shinkafa. Wanda yake da cikakken Littafi yakan kwance ɗinkin ya raba shi ganye ganye, wannan ya riƙe Zabura, wancan ya riƙe Bishara, a haddace, a yi musanya. A Fihaonana, cikin ƙasar Vonizongo, an ɓoye kwafi guda shekaru da yawa a wani kogo da aka taɓa ajiye masu ciwon agana, inda masu bincike suke tsoron shiga. William Ellis, wanda ya ziyarci tsibirin sau uku tsakanin 1853 da 1856, ya ba da labarin mutum biyu da suka zo masa da dare a Tamatave, suka kwance ƙunshi cikin ƙunshi suka fito da 'yan ganyayen Zabura da suka tsufa don yawan karatu, suna roƙo ko yana da sauran maganar Dawuda.

Jarrabawa ta fari da ta tilasta musu su tambayi kansu mece ce kiyayewar Allah ta zo ne ta kan mata biyu. Ɗaya ita ce Rafaravavy, 'yar babban gida, wadda aka kama a 1837, ta ƙi faɗin sunan abokan addu'arta, aka kwashe dukiyarta, aka rushe gidanta, aka yanke za a kashe ta da asuba. A cikin wannan dare gobara ta tashi a birni, hankalin fada ya koma can, aka ɗage kisan, ta zauna wata biyar a cikin mari, daga bisani aka sayar da ita baiwa, ta rayu. Ɗayar ita ce Rasalama, wadda aka kama a wannan kamen, aka ji ta tana murna cewa an ga ta isa ta sha wuya saboda Almasihu, sai aka yi mata dukan tsiya, aka ɗaure ta da wani irin mari mai tattara hannu da ƙafa da wuya wuri guda, da gari ya waye, ranar 14 ga Agusta 1837, aka kai ta Ambohipotsy tana waƙar yabo a hanya, ta roƙi a bar ta ta yi addu'a, tana durƙushe aka soke ta da masu, aka bar gawarta ga karnuka. Babu gobarar da ta tashi dominta.

Da a ce imaninsu ciniki ne, a ba Allah ibada shi kuwa ya biya da tsawon rai, da a nan ya karye, domin babu mai iya cewa Rafaravavy ta fi Rasalama taƙawa. Amma Littafin da yake hannunsu ya riga ya ajiye musu irin wannan ƙissa ba tare da ya ba da dalili ba. A sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni, Hirudus ya sare Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, marubucin ya faɗe shi cikin 'yan kalmomi ya wuce. Sa'an nan ya kama Bitrus da niyyar yi masa haka, sai mala'ika ya zo da dare ya kwance sarƙa ya buɗe ƙofa, alhali ikilisiya ɗaya ce, Ubangiji ɗaya, sarki ɗaya, kwanakin ma kusa da juna. Haka kuma sura ta 11 ta wasiƙar Ibraniyawa ta jera waɗanda bangaskiya ta fisshe su daga bakin zaki da kaifin takobi, ba ta ko numfasa ba ta ci gaba da jera waɗanda aka jefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobin nan, ta kuma ba ƙungiyoyin biyu shaida iri ɗaya. Wani saurayi, Rafaralahy, wanda ya raka Rasalama har wurin kisa ya ga natsuwarta, ya koma ya mai da gidansa wurin taro. Shekara ta kewayo aka soke shi a wannan wurin.

Mas'ala ta biyu da ta taso ita ce ta gudu, wadda tun zamanin Rumawa malaman ikilisiya suka yi saɓani a kanta, har Tartuliyan na Kartaj ya yi fatawa cewa gudu rashin tawakkali ne, Kifriyan kuwa, bishop na wannan birnin, ya ɓuya a tsananin shekarar 250 yana shugabanci da wasiƙu, ya kuma miƙa wuyansa bayan shekara takwas da lokacinsa ya yi. Mutanen Madagaskar ba su san wannan muhawara ba, amma sun san Almasihu ya umarci almajiransa in an tsananta musu a wani gari su ƙaura zuwa wani, sun san an zurara Manzo Bulus cikin kwando ta bangon Dimashƙu, Dawuda kuma ya ɓuya a kogo yana guje wa Saul. Saboda haka ba su ga wani karo tsakanin tawakkali da riƙon sababi ba. Bayan kisan Rafaralahy, Rafaravavy da 'yan'uwanta suka tsere, suka yi watanni ana farautarsu daga ƙauye zuwa ƙauye, suka ratsa kurmi har Tamatave, inda aka shigar da su jirgi a ɓoye zuwa Morishas a 1838, waɗansunsu suka kai har Ingila a shekara ta gaba. To, amma kada mai karatu ya yi saurin cewa ga hanya ta samu. A 1840 mutum goma sha shida suka bi wannan hanyar, aka kama su, aka komo da su birni, aka soke tara a watan Yuli, cikinsu har da tsohon mai duban nan Bulus Rainitsiheva. Waɗansu kuma aka ba su tangena, wato ƙwayar wani itace mai guba: a sa wanda ake tuhuma ya haɗiye fatar kaza yanki uku, a ba shi gubar, a ɗura masa ruwa, in ya amayo ukun duka an wanke shi, in ɗaya ya maƙale an tabbatar da laifinsa, in gubar ba ta riga ta gama da shi ba.

Mafi tsananin shekarun ita ce 1849. Aka kama mutane wajen 2,000, aka ci tarar waɗansu, aka bulale waɗansu, aka mai da waɗansu bayi, aka tura hafsoshi fasa dutse, aka yanke wa goma sha takwas hukuncin kisa, aka zartar ranar 28 ga Maris. Huɗu daga cikinsu 'ya'yan sarauta ne, al'ada kuwa ta hana zubar da jininsu, saboda haka aka ƙone su da rai a Faravohitra, a ƙarshen dutsen ta arewa. A cikinsu akwai miji da mata, matar tana da tsohon ciki. Waɗanda suka gani sun shaida cewa ruwan sama ya sauko ya kashe wutar har sai da aka sake hura ta, bakan gizo ya fito, waɗansu 'yan kallo suka gudu don tsoro, su kuwa waɗanda ake ƙonawa aka ji suna addu'a irin ta Istifanas, suna miƙa ruhunsu, suna roƙo kada a ɗora wa masu kisan wannan zunubi. Musulmin da ya san ƙissar mutanen rami a Suratul Buruji ba zai ji wannan labari baƙo ba. Kirista kuwa hankalinsa zai tafi ga sura ta 3 ta Daniyel, ga samari uku a gaban tanderun Nebukadnezzar, waɗanda amsarsu take da kashi biyu: sun ce Allahnsu yana da ikon ya cece su, suka kuma ƙara da cewa ko da bai yi ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mu da muke karatu cikin kwanciyar hankali mun fi riƙe kashin fari saboda mun san ƙarshen ƙissar, amma samarin sun faɗi na biyun ne tun ba su san ƙarshenta ba, kuma a Faravohitra na biyun ne ya tabbata.

Sauran goma sha huɗun aka naɗe su cikin tabarmi aka kai su Ampamarinana, wani gangaren dutse a yamma da fada mai zurfin ƙafa wajen 150, aka riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata budurwa, Ranivo, da aka tsayar a bakin dutsen ta kalli ƙarshen 'yan'uwanta, da fatan tsoro zai sa ta janye. Ta ƙi, ta ce a haɗa ta da su, sai aka mare ta aka ce mahaukaciya ce, aka kore ta zuwa ƙauye, ta rayu ba da son ranta ba. A nan ne ya kamata a tuna da Zabura ta 91, wadda masu bi a ko'ina suke karantawa a lokacin tsoro, mai alkawarin cewa mala'iku za su tallafi mai dogara ga Allah kada ƙafarsa ta bugi dutse. Wanda ya fara ɗaukar wannan aya tamkar takardar lamuni da za a kai wa Allah a ce ya biya nan take shi ne Iblis, sa'ad da ya tsayar da Yesu a kan ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗa. Yesu kuwa ya ƙi, ya ce gwada Allah ke nan. Mutanen Ampamarinana ba su yi tsalle don su gwada shi ba, ba su kuma sayi ransu da kalma ɗaya da za ta isa ta fanshe su ba. Abin da suka fahimta, wanda sura ta 10 ta Matiyu ta koya musu, shi ne cewa mai kashe jiki iyakarsa jiki, kuma gwara ma ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba, ko da yake tana faɗuwa.

Kiyayewa ta zahiri ma ta zo, ta kuma zo daga inda ba a zata ba, wato daga cikin gidan sarauniya. Ɗanta tilo, Yarima Rakoto, wanda bai taɓa yin baftisma ba, ya riƙa halartar taronsu, yana sanar da su in za a yi kame, yana fansar waɗanda aka sayar, yana roƙon uwarsa, ita kuwa saboda ƙaunar da take masa ta riƙa kau da kai. Ɗan'uwansa Yarima Ramonja ya shiga addinin sosai har aka tuɓe masa muƙami. Mai karanta Littafin Sarakuna zai tuna da Obadiya, wakilin gidan Ahab, wanda ya ɓoye annabawa ɗari a kogo yana ciyar da su a bayan idon Yezebel. Sai dai wannan kusanci da yarima ya jawo musu bala'i na ƙarshe. A 1857 wani Bafaranse ɗan kasuwa, Joseph Lambert, ya ƙulla makircin tuɓe sarauniya a naɗa ɗanta, asiri ya tonu, aka kori Turawan da suke birni har da Jean Laborde wanda ya yi shekaru yana ƙera mata bindigogi, fushin kuwa ya sauka a kan Kirista, waɗanda aka tuhumi waɗansunsu da hannu a ciki. Aka jefe waɗansu da duwatsu a Fiadanana, aka ba waɗansu tangena, aka haɗa fiye da hamsin wuya da wuya da sandunan ƙarfe masu nauyi aka kora su yankunan zazzaɓi, inda in ɗaya ya mutu sauran su ci gaba da jan ƙarfensa. Fiye da rabinsu ba su komo ba.

Ranavalona ta rasu a kan gadonta ranar 16 ga Agusta 1861, tsohuwa tukuf, bayan shekara talatin da uku tana mulki. Rakoto ya hau da sunan Radama na Biyu, ya yi shelar 'yancin addini, ya hana tangena, ya sa aka kwance mari. Sai ga mutanen da aka daɗe da yi wa makoki suna fitowa daga kurmi da koguna, waɗansu da tabon ƙarfe a wuya, waɗansu ba sa iya miƙewa. Waɗanda aka kashe a shekarun nan an ƙiyasta su wajen 150, ban da waɗanda suka mutu cikin mari da bauta. Jama'ar kuwa da 'yan mishan suka bari ba ta wuce dubu ɗaya ko biyu ba, Ellis da ya komo a 1862 ya iske ta kai wajen 7,000, da shugabanninta 'yan ƙasa waɗanda ba wani Bature da ya naɗa su. Zamanin da ya wuce suka riƙa kiransa lokacin da ƙasa ta yi duhu. Ellis ya roƙi sarki wuraren kisan, aka gina majami'un dutse huɗu na tunawa, a Ambatonakanga inda aka tsare fursunoni, da Ambohipotsy, da Faravohitra, da Ampamarinana, suna nan tsaye har yau.

Radama na Biyu bai cika shekara biyu ba manyan fada suka shaƙe shi a 1863. A 1868 Ranavalona ta Biyu ta hau, aka ajiye Littafi Mai Tsarki kusa da ita a wurin naɗi inda dā ake ajiye gumaka. Ranar 21 ga Fabrairu 1869 wani fasto ɗan ƙasa, Andriambelo, ya yi mata baftisma tare da mijinta, firayim minista Rainilaiarivony, a watan Satumba kuma aka ƙone gumakan sarauta. Cikin shekara guda masu zuwa sujada suka ninka wajen sau huɗu, domin talaka ya ga inda fada ta fuskanta, a waɗansu ƙauyuka ma hakimai ne suke kora mutane zuwa majami'a kamar yadda dā ake kora su aikin tilas, ginin majami'ar kansa ya shiga cikin aikin tilas ɗin. Tsofaffin masu addu'a, waɗanda suka haddace Zabura a ramin shinkafa, suka sami kansu 'yan tsiraru a tsakiyar taron da bai san kome ba sai cewa addinin sarauniya ne, fada kuma ta kafa ikilisiyarta tana aika masu wa'azi da umarninta. Bauta kuwa, wadda Rafaravavy ta ɗanɗana, ta ci gaba a cikin wannan daula ta Kirista, manyan ikilisiya da fastoci suna da bayinsu, ba a soke ta ba sai a 1896, bayan Faransa ta ci ƙasar.